Shin Ko Kun San? Wa Ke Tada Manhaja Daga Barci Idan Saƙo Ya Iso

Shin ko kun san cewa yawancin manhajojin da ke cikin wayarku barci suke yi a daidai wannan lokacin? Da gangan ake kwantar da su. Manhajar da ke jiran saƙo daga intanet ba ta tsayawa tana leƙen hanya, domin da haka take yi da batir bai kai azahar ba. Abin da take yi shi ne ta gaya wa kanel, wato ɓangaren babbar manhaja da ke riƙe da furosesa da ma'adana da katin sadarwa, cewa ga abubuwan da nake jira, in ɗayansu ya motsa ka tashe ni. Kanel kaɗai ke da ikon kwantar da manhaja da kuma tada ta. Duk rigimar da za ku karanta a ƙasa daga nan ta samo asali.

Ko kun san cewa hanyar farko ta wannan jira ta girmi da yawa daga cikin masu karanta mu? Sunanta select, kuma ta bazu ne a 1983 cikin 4.2BSD, Unix ɗin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Aikinta irin na maigadin gidan haya ne wanda ba ya riƙe komai a ka. Duk sanda mai gida ke son sanin ko an yi baƙo, sai ya sake karanta masa sunayen ɗakuna kaf, shi kuma ya bi su ƙofa-ƙofa, ko da a ɗaki biyu kawai aka yi baƙi. In ya dawo, mai gidan ma sai ya bi takardar daga sama har ƙasa kafin ya gano waɗanne ne biyun. In ɗaki goma ne, ba laifi. In dubu goma ne, yini ya ƙare a zagaye.

Kuma select ba ta ma kai wa dubu goman. A Linux iyakarta 1024 ce. Mai rubuta manhajar da ya cusa mata lambar fayil, wato lambar da kanel ke bai wa kowane fayil ko haɗi da manhaja ta buɗe, da ta haura wannan, sai ya tarar ya yi rubutu a wani gefen ma'adana da ba nasa ba, manhajar ta faɗi a wani wuri dabam, ya kwana yana neman dalili. Daga baya System V na kamfanin AT&T ya kawo poll, wadda ta cire iyakar amma ta bar zagayen yadda yake.

Shin ko kun san cewa a 1999 riƙe mutum dubu goma a kan saba guda abin a zauna a yi dogon rubutu ne? A shekarar ce wani injiniya, Dan Kegel, ya tattara matsalar ya raɗa mata suna C10K. Hujjarsa ita ce na'urorin lokacin suna da ƙarfin yin aikin, manhaja ce ta gaza. A wannan shekarar kuma Gaurav Banga da Jeffrey Mogul da Peter Druschel suka gabatar da maƙala a taron USENIX suna cewa a raba abu biyu: rajistar abin da ake jira daban, karɓar labarin abin da ya faru daban. Kanel ya riƙe rajistar a wurinsa, kada a riƙa maimaita masa ita.

Wanda ya fi kowa gyara wannan tunani, a ganina, shi ne Jonathan Lemon. Shi ya rubuta kqueue, ta fito cikin FreeBSD 4.1 a shekarar 2000, daga baya OpenBSD da NetBSD da macOS suka ɗauka. Mu matso kusa mu dubi takardar da manhaja ke miƙa wa kanel a wannan tsari. Gurabe shida gare ta a asali: lambar abin da ake jira, sai filta, wato irin labarin da ake so a kansa, sai umarni, sai ƙarin umarni na wannan filtar, sai gurbin adadi, sai wani gurbi da manhaja ke ajiye duk abin da ta ga dama, kanel ya dawo mata da shi yadda ta ba shi. In soket, wato bakin haɗin sadarwa, ake jira, gurbin adadin zai dawo ɗauke da yawan bayit ɗin da suka iso, ba wai "akwai saƙo" kawai ba. Gwanintar tana ga filtar nan. Akwai ta karatu, ta rubutu, ta canjin fayil a faifai, ta mutuwar wata manhaja, ta sigina, ta agogo. Lemon bai ɗaure tsarin ga soket ba. Duk wani sabon abu da ya zo gobe, filta ɗaya za a ƙara, ƙofar tana nan yadda take. Kuma da kira guda manhaja za ta iya miƙa sababbin rajista ɗari ta karɓi labarai ɗari.

Ko kun san cewa a Janairun 2012 WhatsApp ta sanar da cewa ta riƙe haɗi fiye da miliyan 2 a kan saba ɗaya tak? FreeBSD ce a ƙasa, harshen Erlang a sama. Shekara 13 kacal bayan ana kukan dubu goma. Mafi yawan waɗannan wayoyi shiru suke, suna jiran saƙo ne kawai, kuma a irin wannan tsari wanda ya yi shiru ba ya cin lokacin furosesa.

Linux ta bi tata hanyar. Davide Libenzi ya rubuta epoll, ta shiga kanel ɗin gwaji na 2.5 a 2002, ta isa hannun jama'a da fitowar 2.6 a Disambar 2003. Ita ba ta san komai ba sai lambar fayil. Kana son jiran agogo? Sai an mai da agogon fayil. Sigina? Ita ma haka. Shi ya sa signalfd da eventfd suka zo a 2007, timerfd ta biyo baya a 2008. Abin dariyar shi ne fayil na gaske, wanda ke zaune a faifai, epoll ba ta karɓarsa. Ka miƙa mata shi ta ce ba izini. Evgeniy Polyakov ya yi ta aika wani tsari mai kama da na BSD a 2006 da 2007, gyara bayan gyara, amma bai samu shiga ba.

Shin ko kun san cewa za ku iya rufe soket amma epoll ta ci gaba da kawo muku labarinsa? Rajistar tana manne ne da ainihin buɗaɗɗen fayil ɗin da ke cikin kanel, ba da lambar da ke hannunku ba. In an taɓa kwafe lambar, ko wata manhaja ta gaje ta, to kun rufe taku amma fayil ɗin yana raye. Labari zai yi ta zuwa, ku kuma ba ku da lambar da za ku ce a soke rajistar da ita.

To, duk wannan yana tafiya daidai ne muddin ƙa'idar sadarwar tana cikin kanel. TCP a can take zaune. Kanel ne ke jera fakitin da suka iso a hargitse, shi ke neman a sake turo wanda ya ɓata, shi ya san haɗi ya buɗe ko ya mutu, saboda haka in ya ce wa manhaja "soket kaza yana da saƙo" ya san abin da yake faɗa. Matsalar ta fara ne da mutane suka soma kwashe ƙa'idojin suna fitar da su waje, zuwa farfajiyar da manhajoji na yau da kullum ke aiki.

Ko kun san cewa wanda ya ceto TCP daga cunkoso a 1988 yana cikin waɗanda suka ce a fitar da ita daga kanel? Van Jacobson ke nan. A wani taron Linux da aka yi a birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan a 2006, ya nuna cewa fakiti yana wahala a hannun kanel, ana ta miƙa shi daga layi zuwa layi, daga wannan furosesa zuwa wancan, alhali da za a kai shi kai-tsaye ga manhajar da ke jiransa da an huta.

Lissafin da ke tura mutane waje mai sauƙi ne. Layin da ke ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, in aka cika shi da fakiti mafi ƙanƙanta, yana kawo miliyan 14.88 a kowace daƙiƙa. Wato kowane fakiti yana da kimanin nanodaƙiƙa 67 kafin na bayansa ya iso. Shiga kanel da fitowa sau ɗaya na iya cinye wannan lokaci har da ƙari, kuma tun da aka bankaɗo raunin Meltdown a Janairun 2018 aka ƙara katanga tsakanin kanel da manhajoji, kuɗin shigar ya daɗa tashi a kan furosesoshin da abin ya shafa.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi shafar mai waya a Kano ko Maraɗi. Sabon gyara a TCP sai an sabunta kanel, wayoyin Android da yawa kuwa da kanel ɗin da aka sayo su suke tsufa. Amma burauza da YouTube ana sabunta su a kai a kai. In ƙa'idar tana cikin manhajar, tsohuwar waya ma za ta samu sabon gyara ranar da ta sauke sabuntawa.

Shin ko kun san cewa bidiyon da kuke kallo a YouTube, a mafi yawan lokuta, ba ta TCP yake zuwa ba? Ta QUIC yake zuwa. Jim Roskind ya fara tsara ta a Google a 2012, ta zama ƙa'idar duniya a Mayun 2021 da lamba RFC 9000, sannan HTTP/3 da ke hawa kanta ta biyo a Yunin 2022. Tun a 2017 Google ta ce QUIC na ɗauke da fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da ke fita daga sabobinta, kimanin kashi 7 na zirga-zirgar intanet baki ɗaya, kuma ta rage tsayawar bidiyo da kashi 18 a kwamfuta da kashi 15 da ɗoriya a waya. Ribar ta fi yawa a inda layi ke da nisa da zubar da fakiti, Indiya ta fi Koriya ta Kudu amfana nesa ba kusa ba. Facebook ma ta ce a Oktoban 2020 fiye da kashi 75 na zirga-zirgarta ya koma QUIC.

Ga inda gizo ke saƙar. QUIC tana hawa kan UDP, kuma kusan komai nata a rufe yake da sirri, har da amsar da ke cewa fakiti ya iso. Sabar da ke hidima ga mutum dubu hamsin na iya karɓar su duka ta soket ɗin UDP guda. Abin da kanel ya sani ke nan: soket ɗaya, akwai kaya a ciki. Na wa ne? Wane haɗi, wane rafi a cikin haɗin? Cikakken saƙo ne, ko amsa ce kawai da ba ta buƙatar a tada kowa? Bai sani ba. Rajistar nan mai kyau da Lemon da Libenzi suka gina ta koma mai layi ɗaya. Dole laburaren QUIC ya buɗe kowane fakiti, ya duba lambar haɗi, ya gina nasa jerin waɗanda suka shirya, wato ya sake rubuta ƙaramar epoll a cikin kansa. Google ta faɗa da bakinta cewa da farko QUIC na cin furosesa ninki uku da rabi na abin da TCP da TLS mai rufe saƙonninta da sirri ke ci, sai da aka sha aiki aka sauko da shi zuwa kusan ninki biyu.

Har agogo sai da ya zama abin magana. QUIC ce da kanta ke ƙirga lokacin da za ta ɗauka fakiti ya ɓata, da tazarar da za ta bari tsakanin fakiti da fakiti don kada ta cika layi. Amma epoll ba ta san ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba wajen ƙayyade tsawon barci, wanda a cibiyar bayanai dogon lokaci ne. Sai a 2021, cikin Linux 5.11, aka ƙara epoll_pwait2 mai auna nanodaƙiƙa. Kqueue tun ranar haihuwarta take da wannan.

Ko kun san cewa in manhaja mai TCP ta faɗi, kanel ne ke sallamar abokin hulɗarta a madadinta? Yana rufe soket ɗin, ɗaya gefen ya samu labari nan take. In mai QUIC ce ta faɗi, ba mai sallamar kowa. Wanda ke can zai yi ta jira har wa'adin shiru ya cika, sai dai in sabar ta farfaɗo ta aika masa da wata alama ta musamman da ƙa'idar ta tanada don cewa na manta da kai.

Wani misali da ya girmi QUIC shi ne SCTP, wadda aka tsara a shekarar 2000 don ɗaukar siginar kiran tarho a kan intanet. Ita ce ke ɗaukar sigina tsakanin turakun sabis na 4G da cibiyar kamfanin waya a duk inda ake amfani da 4G. Windows da macOS ba su zo da ita a kanel ba, akwatunan intanet na gida kuma galibi ba sa barinta ta wuce. Da masu WebRTC suka buƙace ta don aika bayanai tsakanin burauza da burauza, sai aka ciro ta daga kanel ɗin FreeBSD aka mai da ita laburare mai suna usrsctp, aka naɗe ta cikin UDP. Soket ɗin wannan laburare ba lambar fayil ba ce, kanel bai taɓa jin labarinsa ba. Ba za ka iya miƙa shi ga epoll ko kqueue ba. Abin da laburaren ke yi shi ne ka ba shi wani aiki naka, shi kuma ya kira aikin daga nasa zaren, wato wani layin aiki daban a cikin manhajar, idan saƙo ya iso. Yanzu manhajarka tana da masu tashi biyu da ba su san juna ba, kuma ba za ta iya barci a ƙofa biyu lokaci guda ba.

Maganin da ya fi tsufa wayo ne kawai. Daniel Bernstein ya shahara da dabarar nan ta manhaja ta buɗe bututu zuwa kanta, ta sa bakinsa ɗaya cikin abubuwan da take jira, duk sanda wani ɓangarenta ke son tada ta sai ya jefa bayit ɗaya a ɗaya bakin. Eventfd ta Linux wannan dabarar ce aka tsaftace. A cikinta ba komai sai ƙirga guda mai bit 64. Laburare ya rubuta 1, ƙirga ta tashi daga sifili, epoll ta tada mai barci. Ya karanta, ƙirga ta koma sifili. In an rubuta sau goma kafin ya farka, zai ga 10, tashi ɗaya ya wadatar. Amma ba ta gaya masa wane haɗi ne ya motsa, sai ya je ya tambayi laburaren. Kuma kowane zagaye shiga kanel uku ne: rubutu, farkawa, karatu. An gudu daga kanel don tsadarsa, an dawo ana biyansa kuɗin tashi.

Shin ko kun san cewa BSD ta warware wannan da filta ɗaya? EVFILT_USER sunanta. Ta zo ne lokacin da Apple ta fito da Grand Central Dispatch a 2009, FreeBSD ta ɗauke ta a 8.1. Manhaja ta zaɓi kowace lamba ta ga dama, ba sai ta fayil ba, ta yi mata rajista, wani zare ya kunna ta da umarnin NOTE_TRIGGER, har ma ya haɗa da bit 24 na bayanin da yake so. Kowane haɗi na cikin laburare zai iya samun lambarsa, labarinsa ya fito a jeri ɗaya da na soket na gaske. Windows ma, ku ba ta haƙƙinta, tun shekarun 1990 take barin manhaja ta jefa nata labari cikin layin IOCP. Solaris 10 ta yi makamancin haka a 2005.

Wannan haɗin gambiza yana da tarkonsa. ZeroMQ, wani laburaren aika saƙo, tana ba ka lambar fayil da za ka sa a epoll, amma lambar ba ta nufin akwai saƙo, tana nufin wani abu ya canza, je ka duba. In ka karanta saƙo ɗaya ka koma barci alhali saura uku a ciki, ba za a sake tada ka saboda su ba. Ko TLS ta yau da kullum tana da irin wannan. A ce OpenSSL, laburaren da ke yin TLS, ta kwashe bayit dubu huɗu daga soket ta warware sirrinsu, kai ka nemi ɗari biyar kawai, ka koma ka tambayi kanel ko akwai saura. Kanel ya duba soket ya ga wayam, ya kwantar da kai. Sauran dubu uku da ɗari biyar suna zaune a cikin manhajarka, kai kana barci a kansu, wanda ya aiko kuma yana jiran amsa. Don wannan aka yi SSL_pending. Ƙa'idojin UDT da SRT, wadda gidajen talabijin ke aika bidiyo da ita, sun zaɓi su rubuta tasu epoll ɗin mai karɓar soket iri biyu, nasu da na kanel.

Wasu kuma suka ce to kada a yi barcin mana. DPDK, da Intel ta fara a 2010 kuma ta koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2017, tana ƙwace katin sadarwa daga hannun kanel gaba ɗaya. Ƙwayar furosesa guda ko fiye sai ta zauna tana tambayar katin ba tsayawa, ko akwai fakiti ko babu. Ka duba ma'aunin aiki da ƙarfe ukun dare, ba kowa a layi, za ka ga kashi 100 cikin ɗari. Sauri kam ba a magana. Amma duk wanda ya taɓa sayen dizal don kunna saba ya san wannan ba kyauta ba ce. Da yake kanel ya fita daga maganar, TCP ma sai an kawo ta daga waje. Masu bincike a KAIST ta Koriya ta Kudu suka fito da mTCP a 2014, suka ce a ƙananan saƙonni ta ninka ta Linux ta lokacin sau 25. Tencent ta ƙasar Sin ta ciro TCP ɗin FreeBSD ta ɗora a kan DPDK ta kira shi F-Stack. Me dukansu suka fara kwaikwaya? Mtcp_epoll_wait a can, ff_kqueue da ff_epoll a nan. Onload, da kamfanin Solarflare ya ƙirƙira, wadda 'yan kasuwar hannun jari masu tseren daƙiƙa ke so, ita tare kiran take yi a hanya: manhaja ta ɗauka da kanel take magana, ashe laburare ne ke amsa mata.

Ko kun san cewa akwai waɗanda suka raba gardama, suka ce kaya su bi ta waje amma tashi ya zauna a hannun kanel? Luigi Rizzo na Jami'ar Pisa a Italiya ya nuna haka da netmap a 2012. Fakiti suna sauka a wata ma'adana da kati da manhaja ke tarayya a kai, ba kwafi, amma akwai lambar fayil da za a iya barci a kanta. Ya cika layin gigabit 10 da ƙwayar furosesa guda mai gudun megahaz 900. Linux ta kawo irin wannan a 2018 da AF_XDP cikin 4.18, aikin Björn Töpel da Magnus Karlsson. Ni dai wannan ce hanyar da na fi ganin hankali a cikinta.

Apple ma nan ta bi, kuma ba ta yi surutu ba. Tun iOS 11 a 2017, manhajar iPhone da ke amfani da hanyoyin sadarwar da Apple ta tanada tana gudanar da TCP ɗinta ne a cikin kanta, fakiti na zuwa mata ta ma'adanar tarayya. A cikin kanel ɗinsu an ƙara wa kqueue filta ta musamman don labaran waɗannan hanyoyi, kamar yadda tun da can suka ƙara wata don saƙonnin Mach. Tsarin da aka zana a 2000 ya karɓi abin da ba a yi mafarkinsa ba a lokacin, ba tare da an rushe komai ba.

Sai io_uring, da Jens Axboe ya kawo cikin Linux 5.1 a 2019. Zobe biyu ne a ma'adanar tarayya, manhaja na jefa buƙatu a ɗaya, kanel na jefa sakamako a ɗayan. Maimakon a ce maka soket ya shirya je ka karanta, sai a ce an riga an karanta, ga shi. A 5.18 aka ba zare damar jefa saƙo cikin zoben wani zaren, abin da BSD ta daɗe tana yi da filtarta. Sai dai sabon abu ne mai faɗi a tsakiyar kanel. A 2023 Google ta ce kashi 60 cikin ɗari na hanyoyin kutsen da aka kawo mata a gasarta ta farautar raunin kanel ta io_uring suka bi, ta kashe ta a ChromeOS da sabobinta, ta kuma hana manhajojin Android taɓa ta.

Shin ko kun san cewa layi kusan 30 na gyara ya shiga kanun labarai a Janairun 2025? Martin Karsten na Jami'ar Waterloo a Kanada da Joe Damato na kamfanin Fastly suka sa shi cikin Linux 6.13. In kaya sun yi yawa, duk sanda manhaja ta tambayi epoll tana samun aiki, to sai a dakatar da katin sadarwa daga katse furosesa, manhajar ta riƙa ɗebo fakiti da kanta. Da zarar ta tambaya ta tarar ba komai, sai a mayar da katsewar, ta kwanta. Jami'ar ta ce hakan na iya rage wutar da cibiyoyin bayanai ke sha har zuwa kashi 30. Ku lura da "har zuwa" ɗin nan, rufin ɗaki ne, kuma sai manhaja ta nemi tsarin kafin ya yi aiki. Tushen tunanin tsoho ne: tun 1996 Mogul da K. K. Ramakrishnan suka nuna cewa katsewa in ta yi yawa na'ura sai ta shagala da amsa ta, ta kasa taɓa ko fakiti ɗaya.

Ko kun san cewa yanzu wasu na mayar da QUIC cikin kanel? MsQuic ta Microsoft tana aiki a cikin kanel ɗin Windows, da ita ake raba fayiloli ta SMB a kan QUIC. A Linux ma Xin Long na Red Hat ya aika da nasa aikin don masu irin wannan buƙata, SMB da NFS, waɗanda su kansu a kanel suke zaune. Amma gaisuwar farko ta TLS, inda ake duba takardun shaida a amince da mabuɗi, ba wanda ke son ganinta a kanel saboda sarƙaƙiyarta. Tun 2023 Linux ke da hanyar miƙa wannan aiki waje: kanel ya aika sanarwa ta netlink ga wata ƙaramar manhaja mai suna tlshd, ya ba ta soket ɗin, ta yi gaisuwar, ta dawo masa da mabuɗan, sannan ya ci gaba da jigilar bayanai da kansa.